Hannun Haƙa Ƙirar Gida da Katangar Alhaji

Silindar tifa turawa kawai ta iya. Nauyin bodin mota ne ke mayar da ita, shi ya sa tiyon mai ɗaya tal ke shiga jikinta. Ɗan gwangwan ɗin da ya sayar min da ita ya san haka sarai, amma da na ce masa hannun haƙa zan ƙera in ɗaura a bayan tarakta, sai ya shafa ta ya ce, "Yallaɓai, wadda ta saba ɗaga yashi cike da mota, ƙasar Zariya ce za ta gagare ta?"

Ta gagare ta kuwa. Na ja liba, babban hannu ya miƙe sama gwanin sha'awa, yaran unguwa suka yi tafi. Na saki, ya sauko a hankali ya ɗora haƙoransa a kan marmara cikin ladabi, daga nan ya ce ya gama. Yarona na shago ya ce, "Oga, bari in shiga bokitin in ƙara masa nauyi." Ya shiga ya tsuguna, shi da ko buhun siminti biyu bai kai ba, a wurin da ake neman tan-tan. Haƙa danna ƙasa ce, dole silinda ta zama mai ƙofar mai biyu, ta tura ta kuma jawo. Araha dai ba ta ado.

Taraktar tsohuwar Massey Ferguson 375 ce, hannun kuma a shagona na bayan gida a Tudun Wada na haɗa shi. Babban hannu mita 2 ne, na fayif mai kusurwa huɗu, milimita 150 da 100, kaurin milimita 6. Ƙaramin hannu mita 1.3. Kunnuwan da fin (sandar ƙarfen da gaɓa ke juyawa a kanta) ke ratsawa faranti ne mai milimita 20, bokiti kuma faɗin santimita 40. Silindodin da na sake samowa a Panteka ta Kaduna masu faɗin ciki milimita 80 ne, sandarsu 45. A matsin mai na "bar" 150 (ma'aunin matsi ke nan), irin wannan tana tura kusan tan bakwai da rabi, amma wajen jawowa biyar da 'yan kai take bayarwa, don sandar ta cinye wani ɓangare na wurin da mai zai danna. Saboda haka ake ɗaura silindar ƙaramin hannu da ta bokiti yadda miƙewarsu ce za ta yi haƙan.

Kunnuwan nan sun ba ni ruwa. Na huda su daidai, na auna, na yi walda mai kyau har ina kiran mutane su gani. Da ƙarfe ya huce, fin ya shiga kunnen dama ya leƙa na hagu ya ƙi gaisawa. Walda tana jan ƙarfe zuwa gefen da aka fi ƙonawa. Dabarar ita ce a zura doguwar sanda mai kaurin fin ta ratsa ramukan biyu, a sa gutsuren fayif tsakaninsu ya tokare, a ɗan ɗiga walda nan da can, sannan a riƙa yin santimita biyar a dama, biyar a hagu, ana barin sa yana shan iska. Fin ɗin kansa kada a yi shi da rodin gini, lanƙwashewa yake yi tun a haƙan farko. Shaf ɗin ƙafar babbar mota na kai wa mai injin sassaƙar ƙarfe a Sabon Gari ya fitar min da milimita 40, da bushi, da ramin giris.

Bakin bokiti da haƙora na yi su da sifirin ɗin mota. Ƙarfe ne mai taurin kai: in ka liƙa shi da sandar walda ta yau da kullum, 6013, zai yi kyau a ido, ya tsage a gefen ɗinkin da zarar ya ci karo da dutse. Haƙorina na farko sai a kan kwanon kicin muka tsinto shi. Sanda 7018 yake so, busasshiya, a fara gasa ƙarfen da wutar gas, in an gama a binne shi cikin yashi ya huce a hankali. Ita kuma 7018 ba ta kamawa da wutar garin da ke zuwa rabi-rabi, manne wa ƙarfe kawai take yi, sai da na ɗauko hayar injin walda mai jannareta.

Sai maganar mai. Famfon cikin taraktar bai wuce lita 16 ko 17 a minti ba. Silinda mai tafiyar santimita 60 tana shan lita uku, wato daƙiƙa goma sha ɗaya kafin ta miƙe. Wani lebura da ya tsaya kallo da diga a kafaɗa ya tambaye ni ko injin yana azumi ne. Wannan magana ce ta sa na ɗaura famfo na dabam a kan shaf ɗin baya mai juyawa sau 540 a minti, da ɗan giya mai ninka gudun sau uku da rabi, aka samu kusan lita 30. Na haɗa masa tankin lita 40, tiyon tsotso mai inci ɗaya don kada famfo ya yi ta kuka yana kumfa, sauran tiyo rabin inci masu waya biyu a ciki, da bawul mai liba shida: babban hannu, ƙarami, bokiti, juyawa, ƙafafu biyu. Bawul ɗin ya zama irin wanda mai ke zagayawa ya koma tanki in ba a taɓa komai ba, kuma a saita bawul ɗin rage matsi da agogon awo, ba da kunne ba. Yarona ya ɗaure shi tamau don "ya ƙara ƙarfi", tiyo ya fashe, shanyar uwargida ta sha mai tun daga zani har kayan makarantar yara. A nan ba wasa: in tiyo na yoyo kada a lalubi wurin da hannu, man yana huda fata ya shige nama. Kwali ake karawa.

Ƙafafun tokare kuwa na so in bar su sai an samu kuɗi. Lissafi bai yarda ba. Tan bakwai da rabi a santimita 30 daga fin, haƙori kuma a mita 1.6, ya ba da kusan tan ɗaya da rabi a bakin bokiti. In marmara ta ƙi tahowa, taraktar ce ke tafiya wurinta, ni da kujerata muna kallon rami yana matsowa. Na yi ƙafafu da faranti mai santimita 30 a tafin kowace, na kuma ɗaure firam ɗin da hannun ke zaune a kai da ƙarafa biyu zuwa jikin tarakta ya ƙame. In aka bar shi a kan hannuwan garma kawai, yana iya tasowa sama ya matse mai tuƙi.

Duk wannan na ci ƙarfinsa. Abin da ya rage silindar juyawa, 'yar ƙarama, faɗin 63, tafiyar santimita 25. Cikinta bai kai lita ɗaya ba. Lita 30 a minti kuwa tana cika ta a daƙiƙa ɗaya da rabi. Wannan lissafin na yi shi daidai, sai dai bayan la'asar na yi shi, abin kuma da hantsi ya faru.

Na ciko bokiti da jar ƙasa, hannu a miƙe kusan mita huɗu, na taɓa liba da yatsa biyu. Hannun ya kwaso da gudu ya wuce inda nake so, ya wuce inda ba na so, ya sami katangar ƙasa ta maƙwabcina. Ƙura ta turnuƙe. Da ta lafa, sai ga taga sabuwa fil, ga Alhaji zaune a kan buzu da rediyo a kunne da buta a gefe, akuyarsa ta riga ta leƙo tana duba ko akwai dusa a ɓangarenmu.

Na ce, "Salamu alaikum, Baba Alhaji."

Ya dubi bokitin da ke rataye a tsakar gidansa, ya rage muryar rediyo, ya ce, "Wa alaikumus salam, Injiniya. Ai da ka zagayo, ƙofar zaure a buɗe take."

Gyaran bai kai kuɗin goro ba. Ƙaramin faranti mai ramin milimita ɗaya da rabi ake sakawa a mahaɗar kowane tiyo na silindar juyawa, man ya ragu zuwa wajen lita goma, juyin ya koma kusan daƙiƙa biyar. Na ƙara bawul mai sakin matsi tsakanin tiyon biyu don in an saki liba hannu ya tsaya a hankali maimakon ya fizge kunne, na kuma ɗaura yankan tsohuwar taya a ƙarshen tafiyarsa dama da hagu.

Ƙasar da magina suka toshe tagar da ita injin ne ya haƙo, ramin bayan gida na Alhaji ma shi ya haƙa, mita biyu, kyauta, Alhaji na tsaye daga nesa yana ba da umarni da sanda. Da aka gama ya auna taku bakwai daga katangarsa ya sa jikansa ya ja layi da toka. Na ce masa hannun bai kai mita huɗu ba, taku biyar ma ya isa. Ya ce sauran biyun na lissafina ne.