Injin Ban-Ruwa da Ya Fasa Ganuwar Bar Lev

Duk lokacin da aka tayar da zancen yaƙin Oktoba na 1973, wanda Masar ta gwabza da Isra'ila, sai ka ji ana lissafa jirage da tankokin yaƙi da sunan Anwar Sadat, shugaban Masar na lokacin. A ganina injiniyan soja ya kamata a fara ambata, domin ba don shi ba, da tankokin Masar sun yi cirko-cirko a bakin mashigin Suez.

Bayan yaƙin 1967, Isra'ila ta tara ganuwar yashi a gaɓar gabas ta mashigin, ita ce ganuwar Bar Lev, tsayinta ya kai mita 20 a wurare da dama, ga tsananin gangara da babu motar da za ta iya hawa. Masarawa sun gwada nakiya, sun gwada katafila, amma yashi kana tonawa yana zubowa, lokaci kuma ba ya jira a gaban bindigar abokin gaba. Sai wani hafsa mai suna Baki Zaki Yusuf, Kirista ne Bakibɗe, wanda ya yi aiki a madatsar ruwa ta Aswan, ya tuna yadda ya ga ƙarfin ruwa yana kwashe tulin yashi a can. Manyansa suka saurare shi, abin da nake ganin ya cancanci yabo shi ma, aka sayo ɗaruruwan injinan ruwa daga Ingila da Jamus ta Yamma.

Ranar 6 ga Oktoba, wadda ta dace da 10 ga Ramadan, injiniyoyi suka haye a kwale-kwalen roba, suna zuƙo ruwan mashigin suna feshe ganuwar da shi. Duk wanda ya taɓa riƙe mesa a gonar rani ya san yadda take fizgar hannu, to ka ƙiyasta mutum tsamo-tsamo cikin caɓi har gwiwa, harsashi na shawagi a kansa, bai saki ba. Cikin sa'o'i aka buɗe ƙofofi kusan 60, aka shimfiɗa gadoji masu yawo a kan ruwa, inda bom ya lalata wani yanki a cire shi a sa sabo.

A kudu aikin ya ba da wuya, domin ƙasar wurin yumɓu ce, ruwa ya mai da ita laka mai santsi, sai da aka shimfiɗa katako da buhunan yashi kafin motoci su wuce. A wannan yankin aka kashe Janar Ahmad Hamdi na rundunar injiniyoyi ranar 14 ga Oktoba, kuma sunansa aka sa wa hanyar mota da ta ratsa ƙarƙashin mashigin.