Mu ma mu riƙa tambayar ɗan takara zancen inuwa da kaniwo

A nan Faris inda nike zaune in zaɓen magajin gari ya matso wallahi zancen itace ne ke cika kamfe, takardun da suke cusa mana a akwatin wasiƙa kowa da nashi alkawali, wannan ya ce zai fasa kwalta ya dasa itatuwa ya hana mota bi ta gaban lekol, wancan ya ce a'a an takura ma masu mota da ƴan kasuwa, kuma a kasuwar unguwa sai ka ga tsohuwa da kwandonta ta tare ɗan takara tana tambayarshi dalilin da ya sa aka sare itacen ƙofar gidansu. Anne Hidalgo, magajiyar garin a lokacin, a zaɓen 2020 ta yi alkawalin dasa itace 170,000 kafin 2026, ƴan adawa suka bi ta da lissafi, nawa aka dasa nawa aka sare nawa ne suka rayu. Ba wai kowa ya damu ba fa, da aka yi ƙuri'ar raba titi 500 da mota a Maris 2025 kusan kashi 4 cikin ɗari ne kawai suka fito. Amma dai alkawalin yana rubuce kuma akwai wanda za a riƙe.

Abin da ya tada su zafi ne. A 2003 zafi ya kashe mutum wajen 15,000 a Faransa, a Yulin 2019 Faris ta kai digiri 42.6 har yau ana ba da labari. To jama'a wannan ai a Yamai ranar Afrilu ce kamar kowace. Mu da muka fi kowa buƙatar inuwa mu ne ba mu taɓa maida ta abin tambayar ɗan takara ba, wannan abu yana ci mani rai ƙwarai.

Kuma ba rashin sani ba ne, iyayenmu sun riga Faris wannan tunani. Tun 1965 aka fara dasa dogon yaro a kewaye Yamai don tare iska da ƙura, gandun nan da ake ce ma santir bert, wajen hekta 2,500 aka tsara. Yau ku je ku duba, nan an yanka parsel an yi gini, can an maida juji, can an sare an yi itacen wuta, sannu sannu a idon kowa. Tun 1975 duk 3 ga Agusta, ranar bikin dashen itace a Nijar, ana dashe, a ɗauki hoto a watse, kafin rani ya raba akuya ta cinye rabi sauran ƙishi ya kashe. Abin da na gani nan Faris da ya burge ni ƙarami ne, in an dasa itace sai an kafa mashi sanduna an ɗaure shi, motar ruwa ta meri, wato ofishin magajin gari, ta riƙa zagayowa a shekarun farko, aikin wani ne ana biyanshi a kai. Mu dashe muke, reno ba na kowa ba ne.

Na san za a ce mutum na neman na masara wa zai yi mashi zancen itace. Ni a ganina talaka ne ma mai wannan magana, mai kuɗi yana da kilim da grup in an ɗauke wuta, mai tuyar ƙosai da mai faci da ɗan kabu-kabu da ke jiran fasinja su inuwar bakin titi ce shagonsu, in an sare ta don faɗaɗa hanya ba a maida ba su ne ke gasuwa. Haka zancen kaniwo, magudanar ruwan bakin titi, leda ta toshe shi fal duk da akwai dokar hana ta tun 2014, ruwa ɗaya unguwa ta zama tabki sauro ya samu gida, yara na kwance da masassara. A Satumban 2020 kogin Isa ya fasa dig ɗin da ke tare ruwa a unguwar Lamorde ta Yamai mutane suka kwana a lekol, wata uku bayan nan ranar 13 ga Disamba aka yi zaɓen kansiloli, amma duk wanda na kira a fadarmu zancen jam'iyya da zaɓen shugaban ƙasa yake mani, da wa ya kawo atamfa wa ya ba da kuɗin shayi.

Ban ce mu kwaikwayi hanyar keken ƴan Faris ba, abinmu daban. Manoman Maradi da Damagaram sun maido da miliyoyin gawo a gonaki ba tare da wani babban kuɗi ba, don sun san itacen nasu ne sai suka tsare shi. Me zai hana a birni ma duk itacen da aka dasa a ɗora shi a wuyan wani gida ko wani shago, meri ta kawo kariya da ruwa?

Tun Afrilun 2024 an rushe majalisun gari an naɗa wakilai, yanzu ba ƙuri'a, amma mai unguwa yana nan, meri na nan a komin biyar ɗin duka, ana iya zuwa a ƙungiyance da takarda. In kuma zaɓe ya dawo, don Allah duk wanda ya zo ƙofar gidanmu neman ƙuri'a ku kama hannunshi ku kai shi bakin kaniwon layinmu, ya faɗi watan da za a yashe shi kafin damina da wanda zai ba itatuwan ruwa, wani yaro ya ɗauke shi a waya ku turo mani in ajiye.