Wanda ka kai ƙara shi ne mai karɓar ƙarar

Jiya da daddare, bayan an kawo wuta a garinmu Gadarif da ke Sudan, na buɗe saƙon amsar wani ƙorafi da na kai da ɗokina, ashe wulaƙanci ne ke jirana.

Manhajar da muke buga sakamakon yara da ita a makarantarmu ta kyauta ce, irin wadda kowa zai iya buɗe cikinta ya gyara. Da irinta muka rayu lokacin takunkumin Amurka daga 1997 zuwa 2017. Matsalarta ɗaya: idan Larabci da boko suka haɗu a layi guda, ƙ da ɗ da ɓ sai su koma akwatuna. Yaro sunansa Ɗanlami, takardarsa ta fito da rami a madadin harafin farko. Haruffan da suke cikin Unicode, tsarin haruffan kwamfuta na duniya, tun farkon shekarun 1990!

Na hau rufin ɗaki neman sabis, na tura wa masu manhajar hotuna, na yi bayani dalla-dalla, har da godiya. Jagoran aikin ya amsa da layi ɗaya: "A kwamfutata lafiya lau take aiki." To madalla, ranka ya daɗe, kwamfutarka ce duniya. Na lallaɓa na ce ya gwada haɗa rubutun biyu. Ya ce: "Ba wanda ke biyana. Gyara da kanka ka turo." Kafin in gama rubuta amsa ya kulle maganar, ya liƙa mata tambarin "ba za a gyara ba".

Na sani aikin sa kai yake yi, ban ce bawana ba ne. Amma masu manhajar su suka rubuta cewa duk wanda aka ci wa fuska ya kai ƙara wani adireshi. Na kai. Wa ya amsa? Shi ɗin dai! An ba kura ajiyar nama. Wai ya duba, bai ga laifi ba.

Manyan masu irin wannan manhaja ma sun gane mutum ɗaya ba ya zama sarki da alƙali. A 2018 Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro manhajar Linux, ya nemi afuwa kan zafin bakinsa, ya ja baya na ɗan lokaci. A shekarar Guido van Rossum ya sauka daga jagorancin Python, wani yaren rubuta manhaja, aka koma zaɓen kwamitin mutum biyar. Shi kuwa namu gogan ko a jikinsa.

Kuma wallahi ban ga baƙon abu ba. Ofisoshinmu haka suke: akwatin ƙorafi a bakin ƙofa, makullinsa a aljihun wanda ya zage ka. Tun Afrilun 2023 yaƙi ya cinye komai, a Fabrairun 2024 aka katse mana intanet, masu mulki na ta rabon kujeru. Ma'aikatar ilimi ta taɓa tambayar da me malami yake buga sakamako? Mu Hausawa ma, daga Kasala har Kano, miliyoyi ne, attajiranmu na zuba kuɗi a bukukuwa, amma ɗaukar nauyin matashi ɗaya ya zauna ya gyara mana haruffa uku ya gagara.