Wace Waƙa Mahaifinka Yake Rera Maka?

A ƙarshen hunturun da ya wuce wani maƙwabcina Bature, a unguwar da muke zaune cikin Birmingham, ya gayyace ni da 'yata mu raka shi da ɗansa wani zauren kiɗa, inda aka shirya zama na musamman domin yaran da ba sa iya jure irin zaman da aka saba yi a wurin. Ɗan nasa yana da shekara tara, yana da lalurar otizim, wadda wasu kafofin labaranmu ke kira galahanga, kuma kalmomin da yake furtawa ba su da yawa. Na amsa gayyatar ne don kara, ba don ina tsammanin ganin wani abin kirki ba.

Sai na fara bayyana yadda Turawa ke sauraron irin wannan kiɗa a ranakun da aka saba, domin wanda bai gani ba zai ɗauka ƙari nake yi. Mutum dubu ko fiye za su zauna a kujeru jere, a rage fitilu, makaɗa kusan tamanin su fito cikin baƙaƙen kaya da gogensu manya da ƙanana da kayan busa iri-iri, sannan wurin ya yi tsit, har mai tari ma sai ya danne shi zuwa lokacin da aka tsagaita. Ko tafi yana da gurbinsa, wanda ya tafa kafin lokaci kuwa sai an waiwayo an harare shi. A zaman da muka je duk an ɗage waɗannan ƙa'idoji. An bar fitilu a kunne, ƙofofi a buɗe, an sassauta ƙarar kiɗan, an shimfiɗa katifu a bayan zauren domin yaron da ya gaji da kujera, an kuma ware wani ɗaki marar hayaniya ga wanda abin ya yi wa yawa. A bakin ƙofa ana ba da aron abin toshe kunne irin na ma'aikatan filin jirgin sama. Tun kafin ranar an aika wa iyaye hotunan ƙofar shiga da matakala da fuskokin makaɗan, domin su nuna wa yaran, kada wani abu ya zo musu ba zata. Jagoran makaɗan kansa yakan juyo ya sanar cewa ganga za ta yi ƙara nan gaba kaɗan. Yara suna ihu, wasu suna kaɗa hannaye, wani yana zagaye kujeru da gudu, kuma babu wanda ya ɗaga ido ya dubi uwar wani. Wannan tsari ya yaɗu a ƙasar, har babban bikin kiɗan bazara da BBC ke shiryawa a zauren Royal Albert da ke Landan ya fara ware irin wannan zama tun 2017.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maƙwabcin nawa. Mutum ne mai furfura a gemu, marar yawan magana, amma sai ga shi ya bar kujerarsa ya zauna dirshan a ƙasa bayan yaron, wanda ya ba shi baya yana rangaji gaba da baya. Uban ya ɗora yatsu biyu a kafaɗarsa yana bugawa a hankali daidai da tafiyar kiɗan. Can sai ya tsaya da gangan. Yaron bai waiwayo ba, sai dai ya miƙa hannu baya ya lalubo hannun uban ya mayar da shi kan kafaɗar. Daga nan uban ya sauya salo: ya buga uku ya dakata, yaron ya buga uku a gwiwar uban, uban ya buga biyu da sauri ɗaya a hankali, yaron ya mayar masa da irinsu. Haka suka yi ta yi har aka tashi, ba tare da sun haɗa ido ba.

A hanyarmu ta komawa ya gaya mini cewa wannan ita ce hirarsu, kuma da ita yake gane ranar da yaron yake cikin damuwa, domin bugunsa yakan yi gaggawa. Sai kuma ya juyo da fara'a ya ce, “Ku mutanen Afirka ai kiɗa a jininku yake. Wace waƙa mahaifinka yake rera maka kana yaro?” Na yi dariya na kawar da zancen, amma tambayar ta sosa mini rai ta fuska biyu. Na ji haushin yadda ya haɗa nahiya guda ya ɗora mata ganga, na kuma ji zafin cewa ba ni da amsar da zan ba shi.

Abin da ya yi da ɗansa yana da tushe a binciken masana. Tun a 1943, lokacin da likita Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya fara bayyana wannan lalura ta hanyar yara 11, ya rubuta cewa na farkonsu yana iya rera karin waƙoƙi da yawa daidai tun yana ɗan shekara ɗaya. A 1959 kuma wani makaɗin fiyano Ba'amurke, Paul Nordoff, da wani malamin yara masu buƙata ta musamman, Clive Robbins, suka fara aiki tare a gidan kula da yara na Sunfield, wanda ba shi da nisa da birnin da nake zaune. Dabararsu ita ce kada a tilasta wa yaro ya bi kiɗa, a bar kiɗan ya bi yaro: idan ya buga ganga ba tsari, sai mai fiyano ya ɗauki wannan bugun ya gina kari a kansa, har yaron ya lura cewa akwai wanda ke jin sa yana kuma amsa masa. Ko ga yaran da ba su da wata lalura, masu bincike a jami'ar McMaster ta Kanada sun nuna a 2014 cewa jariri ɗan wata 14 da aka yi ta jijjigawa daidai da motsin wani baƙo a kan kiɗa ɗaya, ya fi saurin taimaka wa baƙon idan abu ya faɗi daga hannunsa. Motsi tare a kan lokaci ɗaya yana sa zuciya ta ɗauki mutum a matsayin nata, kuma ba ya buƙatar magana ko haɗa ido, waɗanda su ne suka fi yi wa mai otizim wuya.

Kada wani ya karanta wannan ya ce an samo magani. Wani babban gwaji da aka wallafa a 2017, wanda ya haɗa yara 364 a ƙasashe 9, bai sami wani bambanci na a zo a gani ba a ma'aunin alamomin lalurar tsakanin waɗanda aka yi wa jinya da kiɗa da waɗanda ba a yi wa ba. Bitar da cibiyar Cochrane mai tace binciken lafiya ta yi a 2022 kan bincike 26 ta fi ba da ƙwarin gwiwa, domin ta ga alamar ingantuwar hali gaba ɗaya. Maƙwabcina dai bai taɓa cewa yana warkar da ɗansa ba, hanyar isa gare shi kawai ya samu.

Ba sai na gaya wa mai karatu yadda abin yake a gida ba. Waƙar rarrashi ta uwa ce da kaka, uba kuwa idan ya yi sallama sai gida ya nutsu, ɗan fari ma ko sunansa ba a kira. Kiɗa sana'a ce ta masu gadonta, mai mutunci kyauta yake bayarwa, ba ya taɓa ganga, ga kuma saɓanin malamai a kan halaccinsa wanda ba ni da hurumin shiga. To amma da na zauna na yi tunani, sai na ga ba daidai ba ne a ce iyayenmu maza shiru suka yi da mu. Muryar farko da yawancinmu muka sani a duniya bayan ta uwa ita ce ta uba yana karatu da asuba. Na san karatu ba waƙa ba ne, Allah ya kiyaye, amma duk abin da masanan nan ke aunawa yana cikin wannan zama: murya sananniya, lokaci sananne, maimaici, da biyawa ana amsawa, uba ya faɗa ɗa ya mayar. Akwai masu rera ƙasidun yabon Manzon Allah bayan isha'i 'ya'yansu na yin amshi. Akwai kuma zaman rediyo, inda za a kira ka ka sauya batir ko ka juya kaset, sai ka maƙale a gefen tabarma ba a kore ka ba, har uban ya yi murmushi a kan wani habaici ya juyo ya tambaye ka ko ka gane wanda ake nufi. Mahaifina bai taɓa rera mini waƙa ba, amma a irin wannan zama na fara jin dariyarsa, kuma da Baturen nan zai fahimta da ita ce amsar da zan ba shi.

Wani abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne cewa gidajen da muka fi rainawa su ne suka daɗe suna yin abin da Turawa ke biyan ƙwararru su koya musu. Ɗan makaɗi tun yana ɗan shekara shida yake rataye ƙaramar ganga yana bin ubansa, yana sauraron hannunsa, yana jiran gurbin da zai shiga, idan ya kuskure a gyara masa da ido ko da bugu ɗaya mai ƙarfi. Babu ɗan attajiri ko ɗan ma'aikaci da yake samun ubansa kusa haka.

Adalci dai ya sa in faɗi inda muka gaza. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa kimanin yaro 1 cikin 100 yana da otizim, saboda haka babu unguwar da ba su, sai dai ba a ganinsu. Duk hanyoyin da ɗa ke bi ya samu shiga wurin uba a wajenmu sun ratsa ta gaisuwa da amsa kira da zuwa aike, kuma waɗannan su ne ainihin abin da irin wannan yaro ba ya iyawa. Ba ya durƙusawa ya gaida baƙo, a kira shi bai waiwayo ba, sai uban ya ji an kunyata shi, ya ja baya, ya bar wa uwar ɗawainiyar da zargin, daga nan kuma a shiga neman maganin iska. Akwai wani yaro a danginmu da ke toshe kunne yana kuka idan an tayar da janareta, amma yana iya rera taken shirin rediyo daga farko har ƙarshe ba kuskure. Na kira yayana na ce, “Yaya, da za a shawo kan ubansa ya riƙa zama da shi yana ɗan buga masa wannan taken ko a bayan kwano ne, ya ga ko zai amsa.” Ya yi shiru, sannan ya ce, “Kai dai zaman Turai ya fara taɓa ka. Magidanci guda ya zauna yana kiɗan kwano, matansa na kallo?”

Duk da haka ban yarda cewa Turawa sun fi mu son 'ya'ya ba, kuma ban yarda tsarinsu ya fi namu albarka ba. Sun gina zauren sassauci ne domin sauran rayuwarsu ba ta da sassauci. A nan maƙwabci yana iya kai ƙararka ga hukuma saboda ihun yaro, kowa a cikin gida yana da abin sauraronsa a kunne, uba da kiɗansa ɗa da nasa, kuma sai an sayi tikiti an sa rana kafin a zauna a ji abu ɗaya tare. Ingila tana da doka ta musamman kan otizim tun 2009, amma iyaye kan yi watanni, wani lokaci shekaru, suna jiran a duba yaro kawai. Maƙwabcina ba shi da kaka ko gwaggo ko ƙanin uba da zai karɓe shi na awa ɗaya, shi ya sa dole ya zama komai ga ɗansa. A wajenmu sauti a fili yake, kyauta, kowa na ji tare, abin da ya rage kawai shi ne uba ya matso ya bar yaron ya zauna kusa, ko da bai iya gaisuwa ba. Gyara ne ƙarami idan aka kwatanta da abin da su suka rasa.

Wanda ya fi kowa asara a wannan lamari shi ne Bahaushen da ke renon 'ya'ya a waje, kuma da mu nake. Mun ɗauko kunyar mun taho da ita, mun baro duk abin da yake cike gurbinta. Da asuba muna hanyar aiki ko muna dawowa daga aikin dare, babu tabarmar rediyo, babu kakar da za ta yi tatsuniya da waƙarta, kuma ba mu iya zama a ƙasa kamar Baturen ba, duk da cewa a cikin ɗaki biyu da falo babu surukin da zai gan mu. 'Yata tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa, kuma cikakkun jimlolin Hausar da nake ji daga bakinta duk daga waƙoƙin da mahaifiyarta ke kunnawa ta tsince su, wato ko harshen ma ta hanyar da ba ni ciki yake isa gare ta. A taron da mu Hausawan birnin muke yi lokaci-lokaci, mata ne ke kunna waƙa a ɓangarensu, maza suna gefe suna gardamar siyasar gida da farashin canji, yara kuma suna tsakiya suna Turanci da junansu, har da wasu biyu da kowa ya san halin da suke ciki amma ba a zancensa. A zaman da ya wuce na kawo shawarar a ware rabin awa iyaye maza su zauna da yaran a yi ƙasida ko wata waƙar amshi da baki kawai, ba ganga ba goge, domin kada a sami mai ƙorafi. Wani dattijo ya tambaya wa zai ja baƙi, kowa ya dubi ɗan'uwansa, sai shugaban taron ya ce a bar maganar zuwa zama na gaba, aka koma kan batun kuɗin hayar zauren.