Ranar da JavaScript ta bi surukin Kawu bashi

Kawuna dillalin albasa ne a Sakkwato, kuma rabin cinikinsa bashi ne. Da ya ji ina koyon rubuta manhaja, sai ya miƙo min littafin bashin, wanda warinsa kaɗai ke sa hawaye, ya ce in yi masa abin da zai riƙa tura wa mutane saƙon tuni idan wa'adi ya cika.

Na rubuta da JavaScript, wani yaren rubuta manhaja, na kwafe ranakun yadda Kawu ya rubuta su, rana, wata, shekara, kamar kowa a Najeriya. Ashe ita baiwar Allah tarbiyyar Amurka gare ta, wata take fara karantawa. Ka ba ta 03/08/2024 kana nufin 3 ga Agusta, ta karɓa ba musu, ta ajiye 8 ga Maris. Mu kuwa a Yuli muke.

Bayan la'asar saƙonni suka fita. Na farko ya sauka a wayar Alhaji, surukin Kawu, dattijon da ko sunansa Kawu ba ya faɗa: wa'adinka ya wuce da wata huɗu, a ji tsoron Allah. Wannan ƙarshen Kawu ne ya ce in ƙara, don masu taurin kai.

Su kuwa masu taurin kan suna can suna shan iska. Akwai wani mai tsohon bashi tun 25/06. JavaScript ta duba, ba ta ga wata na 25 ba, ta ce ranar ba ta inganta ba, ta tsallake shi. Duk wanda ranarsa ta haura 12 ya tsira. Mutum ɗaya tak muka yi ittifaƙi da ita a kansa, mai 08/08.

Kawu ya iso ko hula babu.

"Kai ɗana, mi na'urar nan taka ta yi mini?"

Na fara bayanin ƙa'idar ISO 8601, inda ake sa shekara, sannan wata, sannan rana, 2024-08-03, ba mai ruɗewa. Ya saurara har na kai aya.

"To ita ISO ɗin ce za ta tai gidan Alhaji ta ba shi haƙuri?"

Ni na tafi, da buhun albasa a bayan babur. Alhaji ya karɓa, ya sa min albarka, sannan ya tambaya ko a cire kuɗin buhun daga cikin bashin.