Sabuwar mota mai turbo da tsohuwar da aka yi wa aiki: hukuncina daga Jamus

Wani abokin aikina Bajamushe ya sayi sabuwar BMW M340i, kuma ranar da ya fara zuwa da ita ofis ya ajiye ta kusa da tawa, wato BMW 328i ƙirar 1996 wadda na daɗe ina yi wa aiki da hannuna. Bayan an tashi muka haɗu a wurin ajiye motoci, ya zagaya tawa yana murmushi, sannan ya ce irin waɗannan ne suke lodawa a jirgin ruwa su aika Afirka idan sun gama da su. Na tabbata ba da nufin cin fuska ya faɗa ba, domin mutum ne mai kirki, kuma shi da kansa ya miƙo mini makullin sabuwar tasa ya ce in ɗana. Duk da haka maganar ta zauna mini a rai, ita ce kuma ta sa na zauna na auna motocin biyu da idon basira.

Bari in fara da ba sabuwar haƙƙinta. M340i, wadda ta fito a 2019, tana ɗauke da inji mai silinda shida a jere, lita uku, wanda kamfanin yake kira B58, kuma lokacin fitowarta an ƙiyasta ƙarfinsa a Turai da doki 374. Tana tashi daga tsaye ta kai gudun kilomita 100 a sa'a cikin daƙiƙa huɗu da 'yan kai. Tawa kuwa ta baro masana'anta da doki 193 daga inji mai lita 2.8, kuma tana buƙatar sama da daƙiƙa bakwai kafin ta kai wannan gudun. Tazarar lita tsakanin injinan biyu ba ta taka kara ta karya ba, amma ƙarfin ya kusa ninkawa, kuma babban dalilin shi ne turbo.

Aikin turbo mai sauƙin fahimta ne. Hayaƙin da inji yake fitarwa yana da zafi da ƙarfi, to maimakon a bar shi ya fice ta salansa a banza, sai a sa shi ya juya wata 'yar farfela. Ita kuma tana haɗe da wata farfelar a ɗaya ɓangaren, wadda take matsa iska ta cusa ta cikin silinda bayan an sanyaya ta. Idan iska ta yawaita sai a ƙara fetur, idan su biyun suka yawaita sai fashewar da take tura fistin ta ƙara ƙarfi. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin wani injiniya ɗan Suwizalan mai suna Alfred Büchi ya yi mata rajista tun 1905, kuma BMW ta fitar da 2002 Turbo a 1973. Matsalar motocin farko ita ce jinkiri: direba zai taka totur ya jira farfela ta ɗauki juyi, sannan ƙarfin ya zo masa gaba ɗaya ba zato. A sabuwar motar nan kusan an kawar da wannan, domin tana ba da cikakken ƙarfin jan ta tun inji bai kai juyi 2,000 a minti ba, alhali tawa sai ta kusa juyi 4,000 take nuna abin da take da shi.

Mun hau Autobahn da ita da yamma. Ga wanda bai taɓa gani ba, wannan hanya ce mai layi biyu ko uku a kowane hannu, da shinge a tsakiya, ba mahaɗa, ba mai tafiya a ƙasa, ba mai tsayawa a gefe sai dole, kuma doka ta hana wuce mota ta hannun dama. A sassa da yawa akwai iyakar gudu, amma idan aka iso wani farin allo mai zagaye da baƙaƙen layuka a karkace, to iyaka ta ƙare, sai dai shawarar hukuma ta kilomita 130 a sa'a. Nan na taka. Giyarta mai hawa takwas tana sauya kanta ba tare da an ji ba, tayoyi huɗu duk suna ja, allurar gudu tana hawa kamar ba ta san akwai iska a gabanta ba, kuma a gudun da tawa take fara rawa da ƙugi muna hira a cikin wannan ba tare da ɗaga murya ba. Irin waɗannan motoci kwamfuta ce take tsayar da su a kilomita 250, ba gazawar inji ba. Haka nan a fannin kariya ba a haɗa su: jakunkunan iska ta ko'ina, birki mai kama kansa idan ya hango haɗari, da jiki wanda aka tsara ya lanƙwashe ya kare na ciki. Duk mai iyali da ya zaɓe ta saboda wannan ya yi daidai, ba ni da ta cewa.

To amma ko da na sauka na mayar masa da makulli, abin da na ji shi ne an kai ni wani wuri da sauri, ban ji cewa ni na yi tuƙin ba. Sitiyarinta na lantarki ne, yana da daidaito ƙwarai, sai dai ba ya gaya wa tafin hannu komai game da abin da taya take takawa. Ƙarar injin da ake ji a ciki, wani ɓangarenta daga lasifika yake fitowa, domin turbo da matatar hayaƙi da dokokin Turai suka tilasta sun danne muryar injin ta asali, sai aka ƙaro ta da na'ura. Nauyinta ya kai wajen kilo 1,700, tawa kuwa ba ta cika 1,400 ba, kuma duk dabarar kwamfuta ba ta iya ɓoye wannan bambanci a kwana mai tsanani.

Ga abin da na yi wa tawa. Na cire bututun shigar iska na asali na sa na injin M50 da ya gabace shi, wanda ya fi faɗi, kuma sanannen abu ne a wajen masu wannan ƙirar cewa yana buɗe wa injin numfashi a babban juyi. An sake daidaita ƙwaƙwalwar injin don ta dace da shi. Na sauya shakazoba da sifirin, motar ta ɗan sauka, na sa birki mafi girma a gaba, na sabunta duk robobin ƙafa, sannan na maye gurbin lagireto da famfon ruwa, domin robar da aka yi su da ita takan tsufa ta fashe, kuma wannan ne sanannen ciwon waɗannan motoci tare da tsatsa a bayan taya. Duk wannan aiki bai kai ta ko kusa da sabuwar ba, ta dai haura doki 200 da kaɗan. Amma giyarta ta hannu ce, sitiyarinta na mai ne, totur ɗinta waya ce take jan sa kai tsaye, don haka abin da ƙafata ta nema shi injin yake bayarwa, ba ƙari ba ragi. Idan bayanta zai zame a jiƙaƙƙen titi, ina jin haka a ƙuguna kafin ya faru.

Ya kamata in bayyana cewa gyaran mota a nan ba kamar yadda kuka sani ba ne. Kowace mota tana zuwa gwajin lafiya duk shekara biyu, sabuwa kuma bayan shekara uku na farko, a wajen hukumomi irin su TÜV da DEKRA. Injiniya zai ɗaga ta sama, ya shiga ƙarƙashinta da fitila, ya ƙwanƙwasa ƙarfe yana neman tsatsa, ya ɗora tayoyi a kan na'ura ya auna ƙarfin birkin kowane gefe, ya sa bututu a salansa ya auna hayaƙi, har tsayin hasken fitila sai ya duba. Idan ta ci jarrabawa sai a manna mata ɗan tambari mai launi a lambar baya. Duk wani sauyi kuwa, ko na sifirin ne ko na girman taya, dole ne ya zo da takardar amincewa ko kuma a kai wa injiniya ya gwada ya shigar da shi cikin takardun mota. Wanda ya ƙi yin haka izinin motarsa na hawa titi yana iya faɗuwa, inshora ma ta juya masa baya idan tsautsayi ya auku. Wannan tsari yana da tsada da cin lokaci, amma ina girmama shi, domin shi ya sa tsohuwar mota da aka yi wa aiki a nan ba ta zama tarko ga mai ita da sauran mutane ba.

Inda hukuncina ya karkata gaba ɗaya shi ne lokacin da muka buɗe bonet ɗin sabuwar. Murfin roba ne ya lulluɓe kusan komai. Babu ko sandar awon baƙin mai, sai dai a tambayi allon da ke gaban direba ya faɗi yawan man. Idan batir ya mutu ba a cire shi kawai a sa wani, sai an haɗa motar da kwamfuta an sanar da ita cewa an sauya. Na tambayi abokin nawa abin da zai yi idan wata fitilar gargaɗi ta kama, ya ce zai kira wakilin kamfani ya ba shi rana. Ban ga laifinsa ba, haka aka ƙera motar, kuma haka masana'antar take tafiya baki ɗaya, har ta kai a 2022 BMW ta gwada karɓar kuɗin wata-wata a wasu ƙasashe kafin ta kunna wa mutum ɗumin kujerar da ke cikin motarsa, sai da jama'a suka yi ca sannan ta janye a 2023. Mutum ya biya kuɗi masu yawa, sunansa ne a takarda, amma ilimin abin da ya saya yana hannun wasu. Ni kuwa babu ƙusa a injin tawa da ban san wurinta ba, kuma idan ta canza murya da safe na san ko bel ne, ko fulogi, ko iska ce take shiga inda bai kamata ba.

Wannan ilimin ba a Jamus na same shi ba, kuma nan ne maganar jirgin ruwa ta taɓa ni. Gaskiya ne motocin nan suna tafiya Afirka. Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu kimanin miliyan 14, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma. Daga tashoshi irin na Antwerp da Hamburg ake loda su. Abin da mai kallo daga nan ba ya gani shi ne abin da yake faruwa bayan an sauke su. Ku da kuke gida ba sai na ba ku labarin makanikanmu ba. Motar da aka yanke wa hukunci a nan saboda kuɗin aikin gyaranta ya fi darajarta, a can takan ƙara shekaru masu yawa tana ɗaukar mutane, a cikin zafi da ƙura da ramukan da ba a ƙera ta domin su ba, a hannun mutanen da suke gano ciwon inji da kunne. A wajen irinsu na koyi riƙe sifana tun ina yaro, kuma duk lokacin da na kwanta ƙarƙashin motata a garejin haya, a cikin sanyin da yake ƙandarar da yatsu, su nake tunawa. A nan idan mutum ya iya farfaɗo da tsohuwar mota ana kiransa gwani, ana shirya taruka a filaye ana ɗaukar hoton aikinsa, har gwamnati tana ba motar da ta shekara 30 lamba ta musamman mai harafin H a matsayin kayan tarihi. Namu kuwa da suke yin wanda ya fi wannan wuya kowace rana, da kayan aikin da ba su kai rabin na nan ba, ana ɗaukar aikinsu alamar talauci.

Ba ina cewa duk gyaran da ake yi a gida daidai ba ne. Akwai masu cire abin da bai kamata a cire ba, akwai masu ɗaure birki da dabara, kuma rayuka suna salwanta saboda haka. Da za a haɗa hannun makanikanmu da tsauraran gwaji irin na nan, da an ga abin mamaki.

Abin da ya fi damuna shi ne nan gaba. M340i da 'yan'uwanta za su tsufa, kuma su ma jirgin zai ɗauke su. Injin turbo mai fesa fetur kai tsaye cikin silinda ba ya yafe gurɓataccen mai, ba ya yafe baƙin man da bai dace ba ko wanda ya wuce lokacin juyewa, domin farfelar tana juyi dubbai masu yawa a minti cikin tsananin zafi, kuma baƙin man ne yake sa mata santsi yana kuma taimakawa wajen sanyaya ta. Matatar hayaƙi za ta toshe, na'urorin awo za su fara ba da bayanin ƙarya, kuma kunne kaɗai ba zai gano wanne ne daga cikinsu ba. Idan makanikanmu ba su samu kwamfutar bincike da horo a kanta ba, da kuma damar karanta bayanan da kamfanoni suke riƙewa, motocin za su riƙa mutuwa a hannunsu tun jikinsu yana sheƙi, sannan a ce su ne ba su iya ba. Yaran da suke koyon aiki a gareji yanzu suna buƙatar wanda zai koya musu karatun wayoyi da lambobin matsala kamar yadda aka koya wa iyayen gidansu kwance kafireto, kuma mu da muke zaune inda ake ƙera motocin muna iya fara aika musu na'urorin binciken da littattafan gyaran tun kafin motocin su iso.