Matar da ke bayan murtala, sai Landan za mu je a ba mu labarinta?

Ka ciro Naira 20 daga aljihunka, wannan da muke kira murtala, ka juya bayanta. Matar nan da ke zaune tana gina tukunya ita ce Ladi Kwali, kuma na yi amanna cikin mutum goma da za ka tare a tasha da ƙyar biyu su faɗa maka ko wace ce.

A watan Oktoban 2025 gidan adana kayan fasaha na Tate Modern da ke Landan ya buɗe wani gagarumin baje koli na ayyukan masu fasahar Najeriya, akwai su Ben Enwonwu da ɗaliban nan na Zariya da suka kafa ƙungiyarsu a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya, ga kuma tukwanen Ladi. Su can fa ba jera kaya kawai suke yi a ba ka hanya ba, ana haɗawa da lacca, masana su zauna su yi ta bayani har yaro ɗan makaranta ya gane.

To mu nan fa? Ladi Bagwariya ce 'yar garin Kwali, a gida ta koyi ginin tukwane da hannu, Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riƙa tara randunanta tun kafin Turawa su san da ita, a wurinsa ma wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya ga aikinta. A 1954 ta shiga makarantar tukwanen da Cardew ya buɗe a Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, ita ce mace ta farko a wurin. Abin da ya fi burge ni shi ne ta koyi aiki da injin juya yumɓu da gashin tanderu irin na Turawa amma ba ta yar da nata ba, ta ci gaba da zana ƙadangare da kunama da kifi a jikin randa yadda ta tashi ta gani. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984.

Na taɓa kai yarana wani gidan tarihi, tukwane na nan jere cikin gilashi da 'yar takarda da Turanci, ba mai ce maka uffan, minti goma yaran suka ce mu tafi. Za a ce babu kuɗi, na ji, amma tsakani da Allah nawa za a kashe a ɗauko wata dattijuwa mai ginin tukwane ran Asabar, a shimfiɗa tabarma a tsakar gidan, ta kwaɓa yumɓu tana gini wani malami daga sashen zane na jami'a yana bayani da Hausa? Ko kuɗin shayin taron bita guda ɗaya ya isa.